Gurbi Uku a Rajista

Shekara ashirin da bakwai ta yi tana koyar da lissafi a aji shida, a ɗaki guda, ɗakin ƙarshe a jerin azuzuwan, wanda tagarsa ta baya ke kallon katangar makaranta. An sake rufin ɗakin sau biyu, an canja hedimasta sau biyar, ita kuwa tana nan. Yara suka laƙaba mata Jan Biro, saboda littafin da ya bi ta hannunta ba ya fita sai ya yi jajir kamar an yanka kaza a kansa. Malamai Anti suke ce mata a gaban idonta, idan ta ba da baya su koma sunan yara. Ta sani sarai, kuma a can ƙasan ranta sunan yana mata daɗi.

'Yar kafinta ce. Tun tana ƙarama uban yake miƙa mata abin awo ya ce ta auna katako. Idan ta yi daidai ba ya cewa komai. Idan ta kuskure ba ya duka, sai dai ya leƙa waje ya kira maƙwabtansa masu shago, ya ce su zo su ga ƙafar teburin da 'yarsa 'yar boko ta auna. Su yi ta dariya, ita tana tsaye da abin awo a hannu. A nan ta koyi lissafi, a nan kuma ta ɗau alkawarin da ba ta taɓa gaya wa kowa ba, cewa in ma za ta yi kuskure, to ba a gaban mutane ba.

Duk dogon hutu, idan makaranta ta watse, sai ta share teburin falo ta jera littattafai. Kowace shekara takan zaɓi abu guda da ta san tana da rauni a kansa, ta zauna masa har sai ya miƙa wuya. Wata shekarar awon fili ne, wata shekarar yadda za a koya wa yaron da ya tsani lamba ya daina tsoronta. Ta sayi tsofaffin littattafai a wajen mai baza su a bakin titi, ta yayyanka kwali, ta tara marafen kwalba har mijinta, tsohon direban ofis da ya yi ritaya, ya ce saura kaɗan ya fara biyan haya a falon gidansa. Da 'yarta ma'aikaciyar jinya ta saya mata babbar waya, sai ta shiga kallon darussan malaman wasu ƙasashe, amma ba ta kunnawa sai 'yar ta tafi aiki, don kada a ga sau nawa take dannawa ba daidai ba.

Sauran malamai kuwa bita suke zuwa. Kowane hutu ofishin ilimi yakan turo gurbi biyu ko uku, a tafi a yi kwana biyar, a dawo da jaka da takardar shaida. Ita ba ta taɓa zuwa ba. Idan zancen ya taso a ofishin malamai takan taɓe baki ta ce, "Mu su wa da za a zaɓe mu? Ai bita ta 'yan gaban goshi ce." An daɗe ana jin haka har kowa ya yarda, ita ma ta kusa yarda. Gaskiyar ita ce sau biyu aka sa sunanta. Na farko ta ce surukarta ba ta da lafiya, na biyu ta ce ita ce ba ta da lafiya. Karatu a falonta ba ya da ɗan kallo. A bita kuwa benci za ta zauna, wani yaro sa'an ɗanta ya nuna ta da yatsa ya ce ta tashi ta amsa.

Ana saura mako guda a yi hutun bana hedimasta ya kira ta ofishinsa. Mutum ne mai sanyin murya, wanda ba ya faɗar magana mara daɗi sai ya fara gyara takardun da ke gabansa.

"Anti, sanarwa ce ta zo daga sama. Daga zango mai zuwa, duk mai riƙe da aji biyar ko shida sai yana da shaidar bitar bana. Wanda ba shi da ita, a sauke shi."

"A sauke shi zuwa ina, ranka ya daɗe?"

"Inda aka samu gurbi." Ya tura mata takardar. "Na sa sunanki, ke da Amarya. Don Allah bana kada kowa ya yi rashin lafiya."

Ta ɗago ta dube shi. Bai yi murmushi ba, amma ta gane ya karanta tsofaffin fayiloli.

Amarya malamar aji uku ce. Shekara shida da aurenta, 'ya'ya biyu, amma sunan ya ƙi sakinta. Turare da mayafai take sayarwa ta waya, rabin darasinta a bakin ƙofar aji take yinsa tana amsa kira. Ba muguwa ba ce, kowa nata ne, kuma ta daɗe tana cewa aji uku ya ishe ta, yara ƙanana sai majina da kai ƙara.

Ran da za a fara bitar, mijin Jan Biro ya same ta tana fere fensir tun da sassafe.

"Malama, yau ke za a tambaya ina aikin gida?"

"Ka sha shayinka, Malam."

"In suka ce ki durƙusa ki aiko a kira ni. Ni ne waliyyinki."

Ba ta yi dariya ba, shi ma sai ya koma kan shayinsa.

A babban zauren wata sakandare aka yi bitar. Malamai sittin, fanka shida, biyu ke juyawa. Mai bitar saurayi ne siriri cikin kwat da ta matse shi a kafaɗa, yana ta fama da majigi. A bakin ƙofa akawu ya kafa teburinsa, dattijo mai tabarau a karan hanci, shi ya karanta ƙa'ida. Rajista sau biyu a rana, da safe a bakin ƙofa, da rana kuma za ta zagaya zaure bayan cin abinci. Kwana biyar, sa hannu goma. Wanda bai cika takwas ba babu takardar shaida.

Kafin a tashi cin abinci Amarya ta matso kusa da ita, tana ƙamshin hajarta.

"Anti, mun haɗa 'yar ƙungiya, mu takwas. Kullum mutum biyu su zauna da rana su sa wa kowa hannu, saura su kama gabansu. Kowa ya nuna yadda yake nasa. In sa ki? Ki samu ki je gida ki miƙe ƙafa."

Jan Biro ta juyo gaba ɗaya, ta yi magana yadda na benci biyu za su ji.

"Ni karatu na zo. Hannuna kuma ba a aronsa, ba na aron na kowa. Ku da kuke hana yara satar amsa."

Amarya ta yi 'yar dariya ta ce, "Allah ya ba ki haƙuri, Anti," ta koma wurinta. Jan Biro ta ji wani sanyi a ƙirji, irin wanda take ji idan ta ja dogon layi a littafin yaro. Ta ga wasu sun sunkuyar da kai, ta ji daɗin ganin haka.

Rana ta biyu da yamma aka fito da kwamfutoci. Guda goma ne, aka raba mutane rukuni-rukuni, kuma saboda girmamawa aka ce Mama ta fara zama. Ta zauna. Mai bita ya ce a buɗe fayil a rubuta sunayen ɗalibai a jere. Ta ɗora yatsa a kan ɗan faifan da ake shafawa, kibiyar ta tsere zuwa kusurwa. Ta jawo ta, ta sake tserewa. Ta danna da ƙarfi, komai ya ɓace, fuskar kwamfutar ta koma hoton wani tsauni.

"Mama, a hankali, ba allo ba ne da za ki goge," in ji wani matashin malami a bayanta.

Aka yi dariya. Ba dariyar mugunta ba ce, wata ma har ta dafa kafaɗarta. Amma ita ƙeyarta ta ɗau zafi, ta ji kamar ƙurar katako a maƙogwaronta. Ta miƙe ta ce idonta ne ba ya son hasken, wani ya zauna. Da mai bita ya sanar cewa duk yammacin kwanaki ukun da suka rage kwamfuta za a yi, kuma ranar ƙarshe kowa zai fito ya nuna abin da ya iya, sai ta tattara jakarta ba ta kalli kowa ba.

Washegari da safe darasin rabe-raben lamba ne. Mai bita ya haska tambaya a bango, rabi a raba da kwata, ya ce amsa biyu ce, a juya na biyun a ninka. Wata malama ta ce to in yaro ya tambaya me ya sa aka raba abu kuma ya ƙaru fa? Saurayin ya koma kan majiginsa, ya matsa gaba, ya dawo baya, ya sassauta abin wuyansa. Jan Biro ta bar shi ya yi gumi na ɗan lokaci, ba don ba ta shirya ba. Sannan ta ɗaga hannu.

Ta fito gaba da fallen takarda guda. Ta naɗe shi biyu ta yage, ta ɗaga rabin. Ta ɗauki wani fallen ta naɗe huɗu, ta yago kwata. Ta ɗora kwatan a kan rabin, ta matsar da shi gefe, ya sake zama daram.

"Ba cewa aka yi a yanka rabi ba. Tambaya ake, kwata nawa ne a cikin rabi? Ku ƙirga."

Aka ƙirga biyu, sannan aka ɗau tafi. Wannan ta koya wa kanta ne wani hutu shekara tara da suka wuce, ita kaɗai a falo, ba wanda ya tafa. Yanzu mutum sittin ne, har da wanda ya ce mata ba allo ba ne. Mai bita ya riƙe hannayensa biyu a ƙirji ya ce, "Mama, ai ke ya kamata ki tsaya a nan. Ko bayan abinci za ki ɗauki masu so zuwa ajin da ke gefe, ko na rabin awa ne?"

Mutum ashirin suka bi ta. Ajin yana da allo na gaske da guntun alli a kan taga. Da ta riƙe allin sai kafaɗunta suka sauka. Rabin awa ya zama awa uku. Ta nuna musu awon da'ira da zare, ta nuna musu ragowar rabawa da marafen kwalba da ta zo da su a jaka, wai ko za a buƙata. Da za a tashi, ita da bakinta ta ce wa mai bita mutane sun roƙa a ci gaba gobe. Mutum biyu ne suka roƙa. Shi kuwa ya amince tun kafin ta rufe baki.

Ba mantawa ta yi da rajista ba, ko da yake daga baya haka ta riƙa faɗa. Wajen ƙarfe biyu da rabi ta ga ɗalibanta suna zamewa ɗaya bayan ɗaya, su je zaure su dawo suna mayar da biro aljihu. Ta san abin da suke zuwa yi. Taku talatin ne tsakaninta da zauren. Amma a zauren akwai kwamfutoci a buɗe, da wanda zai iya cewa, yawwa Mama, zo ki gwada ko sau ɗaya. Ta gaya wa kanta cewa wanda aka roƙa ya koyar ba ɗalibi ba ne, malami ba ya amsa kiran suna a ajinsa. Wa zai ce ba ta zo ba, alhali muryarta har zauren ake ji? Haka ta yi rana ta uku, da ta huɗu, da ta biyar.

Da la'asar ɗin ranar ƙarshe aka jera kujeru, wani jami'i ya zo daga ofishin ilimi ya yi jawabi a kan sadaukarwar malami. Har ya ambaci wata uwa da aka ba shi labari, wadda ta koyar da 'yan'uwanta da fallen takarda. Aka waiwayo ana tafa mata. Sannan akawu ya fara kiran suna. Amarya, wadda duka zamanta a zauren bai kai wuni guda ba, ta fita tana gyara mayafi ta karɓo tata. Aka kira hamsin da bakwai, akawu ya rufe fayil. Biyu daga waɗanda ba a kira ba tun rana ta farko ba a sake ganinsu ba. Ta ukun tana zaune a benci na gaba da alli a yatsunta.

Ta bari mutane suka ragu kafin ta je teburinsa.

"Malam, an tsallake sunana."

Ya buɗe rajista ya bi da yatsa. "Ba a tsallake ba, Mama. Bakwai gare ki. Ga gurbi uku nan fayau."

"Ina ajin gefe. Kai ma ka gan ni, har kujera ka aiko a ɗauka."

"Na gan ki da idona. Amma ofis ba idona suke karantawa ba."

"To kawo in sa yanzu."

Ta ji abin da bakinta ya faɗa, ta kuma ga ya ji. Ya cire tabarau ya goge.

"Kullum ƙarfe uku nake ɗaukar hoton shafin in tura. Yana can wajensu. In kika sa yanzu, ni za a ce na ci amana, ga ni saura shekara guda in huta."

Mai bita yana naɗe wayoyin majigi ta same shi. Ya dafe kai, ya ce laifinsa ne, wallahi laifinsa ne, zai rubuta wasiƙa da hannunsa. Yana magana yana duban ƙofa, mota na jiransa, jibi zai fara wata bitar a wani wuri. A kan teburinsa ta hangi takardunta da ta naɗe, an jera su an ɗauki hoto, za su shiga rahotonsa. Sai a lokacin ta yi lissafin da ya kamata ta yi tun rana ta uku. Da ta kwashe mutum ashirin, 'yan ƙungiyoyin sa hannu kuma suka kama gabansu, kwamfuta goma ta ishi sauran, tambayoyi masu wuya kuma sun bi ta zuwa ajin gefe. Ita ta ɓuya a bayansa, shi ya ɓuya a bayanta, amma shi ba ya cikin rajista.

A bakin titi Amarya ta cim mata, takardar shaida a naɗe cikin jaka tare da kwalaben turare.

"Anti, wallahi ban ji daɗi ba. Kin san rana ta huɗu ni ce mai zama. Na ga gurbinki babu komai, har na ɗora biro. Ai na san yadda kike naki, kullum ina gani a littafin zuwa aiki. Sai na tuna kin ce hannunki ba a aronsa. Na ce kada in jawo wa kaina."

Guda ɗaya tak ake nema. Jan Biro ta tsura wa fuskar ido, tana neman inda ƙarya ta ɓuya, yadda take yi wa yaron da ya ce littafinsa ya ɓata. Fuskar sumul take, cike da tausayi. Ko tsoronta Amarya ta ji, ko kuwa ta tsaya da biro a hannu ta tuna cewa su biyu kaɗai makarantarsu ta turo? Ba ta gano ba, kuma ta san har ta mutu ba za ta gano ba.

"Kin kyauta," ta ce.

A gida ta ce wa mijin mantawa ta yi. Ya yi ta faɗa a kan ofis da mutanen ofis, ya ce shekara talatin yana tuƙa irinsu, ya san ba sa karanta komai sai abin da aka ja wa layi. 'Yar ta ce, "Umma, ke da ba kya manta ranar da aka sayi tsintsiya?" Uwar ta ce ta tashi ta duba tukunya.

Sau biyu ta je ofishin ilimi a sauran hutun. Na farko aka ce mai sa hannu ya yi tafiya. Na biyu aka ce a kawo wasiƙar mai bita. Wayar mai bita tana shiga, ba a ɗauka. Teburin falo ya zauna babu littafi ko ɗaya, karo na farko tun aurenta.

Ranar komawa makaranta hedimasta ya daɗe yana gyara takardu.

"Anti, hannuna a ɗaure yake. Masu duba makarantu za su zo, takarda za su tambaya. Baɗi in Allah ya kai mu sai ki sake zuwa."

"Baɗi saura mini wata nawa in ajiye aiki, ranka ya daɗe?"

Ya miƙo mata makullai biyu a zare. Sito ne, inda ake ajiye littattafan gwamnati da karyayyun bencina, ɗan ɗakin da ke manne da aji shida. Ya ce aikin yana son mutum mai tsari. Ya ce Amarya za ta riƙe ajin, kuma ya tabbata Anti ba za ta rage ta da shawara ba.

Bangon da ke tsakanin siton da ajin bai kai rufi ba, akwai tazarar kamu guda a sama. Komai ana ji. A mako na uku, tana zaune tana jera littattafan da gara ta fara ci, ta ji Amarya ta shiga rabawa mai tsawo.

"Ɗari shida da goma sha biyu a raba shida. Shida cikin shida?"

"Ɗaya," yara suka amsa.

"Shida cikin ɗaya ba zai yiwu ba, sai mu wuce. Shida cikin sha biyu?"

"Biyu."

"Amsa sha biyu. Ku rubuta."

Amarya ta jefar da sifilin tsakiya. Ɗari da biyu ya koma sha biyu, yara arba'in da uku suna kwafa, ana jin ƙarar fensir. Jan Biro ba ta san lokacin da ta miƙe ba. Ta kai bakin ƙofar sito, hannunta a kan mariƙi. Taku huɗu ne. Za ta iya leƙawa ta ce, Malama, ɗan zo mana, ta raɗa mata a kunne, ba yaron da zai sani. Amarya za ta gode, ta gyara, gobe ma ta zo ta tambaya. Haka za a yi ta yi har ƙarshen shekara, yara su ci jarrabawa, hedimasta ya tsaya a taron iyaye ya ce bitar bana ta yi amfani.

In kuwa ta koma ta zauna, sakamako zai fito a ƙarshen shekara, a manna shi a allon sanarwa, kowa ya tsaya ya karanta abin da aka yi da aka ba ta makullin sito. Ta san yaran ɗaya bayan ɗaya, ta koyar da yayyensu, wasu har iyayensu. Ta san yaran ne za su cutu. Ta tsaya tana jiran wannan sanin ya tura ƙafarta gaba, ya ƙi.

"Wa bai gane ba?" in ji Amarya ta bayan bango.

Ƙarar fensir ta ci gaba.

Jan Biro ta saki mariƙin ƙofar. Ta koma kujerarta, ta jawo kwalin littattafai na gaba, ta hura ƙurar da ke kansa.